Na bi sawun tsofaffin hotuna har ƙauyukan Nebraska

Nebraska ba jihar da mutum zai ɗaura niyya tun daga gida ya ce yawon buɗe ido zai je ba ce. Ko su Amurkawan kansu in ka ce musu can ka nufa sai su dube ka su ce lafiya dai ko? Masara ce da waken soya da shanu, sai sararin Allah ta'ala iya ganinka. Ni ma dalilin ɗan yayata na je, yana karatun aikin gona a jami'ar da ke Lincoln, uwarsa kuma ta kafa min ƙahon zuƙa a waya wai tunda na shigo ƙasar ba ni da bakin komawa gida ban je na ga halin da yaronta yake ciki ba, ko yana cin abinci ko ya rame. To kun san maganar babbar yaya ba a musu da ita. Na sauka a Omaha ya zo ya ɗauke ni da wata tsohuwar motar abokinsa, kuma alhamdulillahi bai rame ba, har ɗan tumbi ya fara ajiyewa.

Kafin mu kama hanya ya ce Kawu tunda na san ka da son tsofaffin kaya bari in kai ka tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Union Station ake ce mata, an buɗe ta 1931, jirgin fasinja ya daina tsayawa a 1971, yanzu ta koma gidan tarihi mai suna Durham. Falon jiran fasinja yana nan yadda yake da dogayen bencinansa, a ƙasa kuma akwai tsofaffin taragai da za ka iya shiga ka zauna. Amma ni abin da ya tsayar da ni hotuna ne, don gidan yana da ajiyar hotunan Omaha sama da miliyan ɗaya, kaɗan daga ciki suke fitarwa mutane su gani. An kafa garin a 1854, shekarar da ƙabilar Omaha, waɗanda garin ya ci sunansu, suka sa hannu a takarda suka bar mafi yawan ƙasarsu. A hotunan farko-farko ba kwalta ba komai, titi faffaɗa duk taɓo, kekunan shanu a tsaye, shagunan katako a jere, kuma da yawansu an yi musu doguwar fuska ta allo a gaba ta yadda in kana kan titi sai ka rantse bene ne, alhali in ka zagaya ta baya ɗaki ɗaya ne ƙwal. Wato tun daga gini an fara gyara wa baƙo abin da zai gani.

Wani abu kuma, sai ka ga titin kaman an yi shara, ba mutane sosai, sai wata inuwa-inuwa nan da can. Ba wai garin ba kowa ba ne, kyamarar lokacin ce ba ta kama abin da ke motsi, sai an bar idonta a buɗe na 'yan daƙiƙoƙi, duk wanda ya wuce yana tafiya sai ya ɓace ko ya zama hayaƙi, wanda ya jingina da ginshiƙi yana zaman banza shi ne zai shiga tarihi. Aikin kuma ba wasa ba ne. A kan farantin gilashi ake ɗauka, mai hoto zai shafa wa gilashin magani a cikin duhu, ya sa a kyamara, ya ɗauka, ya koma da gudu ya wanke tun maganin bai bushe ba, duka cikin kaman minti goma zuwa sha biyar. Shi ya sa duk inda za su sai sun ja ɗakin duhunsu a keken doki ko tanti.

Girman garin kuwa sai ka riƙe baki. Ƙidayar 1860 ta ce mutum 1,883 ne a Omaha. A 1870 sun kai 16,083, saboda daga nan kamfanin Union Pacific ya fara shimfiɗa layin dogo zuwa yamma har aka haɗe da na California a 1869. A 1880 sun zama 30,518. A 1890 aka ce 140,452, sai kuma a 1900 aka ce 102,555. Ba annoba aka yi ba, ba yaƙi ba, masana tarihin garin sun yarda cushe aka yi a ƙidayar 1890 don gari ya yi suna ya jawo masu kuɗi. Ni dai ban ce komai ba. Daga baya karar shanun garin ta bunƙasa har a 1955 ta wuce ta Chicago ta zama mafi girma a ƙasar. A garin ne ma aka haifi Malcolm X a 1925, yanzu kuma akwai 'yan Sudan ta Kudu da yawan gaske, mun yi ta cin karo da su a shaguna.

Ɗaya daga cikin masu hoton farko na garin shi ne William Henry Jackson, wanda ya buɗe shagon hoto a Omaha da ɗan'uwansa a ƙarshen shekarun 1860, kafin ya yi suna da hotunan Yellowstone na 1871. Ya riƙa fita da kekensa yana ɗaukar ƙabilun asalin ƙasar, kuma cikin hotunansa akwai na ƙauyen Pawnee a bakin kogin Loup, wajajen 1870. Manya-manyan ɗakuna ne zagayayyu na ƙasa, da doguwar ƙofa kaman rami, mutane sun hau saman rufin sun zauna suna kallon mai hoto. Tsakanin 1873 da 1875 aka kwashe su kaf zuwa inda ake kira Oklahoma yau. Ku riƙe wannan a ranku don duk filin da za a raba "kyauta" a gaba daga irin nan ya fito. A Omaha ɗin dai ne a 1879 wani shugaban ƙabilar Ponca, Standing Bear, da aka kama don ya dawo da gawar ɗansa ya binne a ƙasar kakanninsa, ya kai ƙara kotu, har sai da alƙali Elmer Dundy ya yanke hukunci cewa ɗan asalin ƙasar ma mutum ne a gaban doka. Sai da aka je kotu fa.

Lincoln tafiyar kaman awa ɗaya ce daga Omaha. Shi wannan garin da gangan aka ƙirƙire shi. Da Nebraska ta zama jiha a 1867 'yan siyasar kudancin kogin Platte suka ƙwace babban birni daga Omaha suka kai wani ɗan ƙauye mai suna Lancaster da mutanensa ba su wuce talatin ba, suka sauya masa suna. Akwai wani hoto da aka ɗauka daga saman ginin majalisa na farko a farkon shekarun 1870, za ka ga gidan Thomas Kennard, sakataren jihar na farko, ƙaton gida na bulo da ado da komai, da wani irinsa a gefe, sun tsaya tsuru a tsakiyar fili ba bishiya ba maƙwabta, bayansu ciyawa har inda ido ya ƙare. Manyan sun gina irin waɗannan gidaje ne don mutane su yarda garin zai tsaya su sayi fuloti. Gidan yana nan har yau, mun je, yanzu bishiyoyi da gine-gine sun rufe shi, dogon ginin majalisa na yanzu mai ƙafa 400 yana leƙo shi.

A gidan tarihin jihar da ke nan Lincoln na fara ganin aikin wani mai hoto, Solomon Butcher, kuma gaskiya daga nan tafiyar ta sauya. Na ce wa yaron nan ina ne wannan Custer County ɗin da duk hotunan suke ambata? Ya ce Kawu da nisa fa, kuma ba komai a can. Na ce ai ba komai ɗin nake son gani.

Amma sai da muka fara gangarawa kudu zuwa Beatrice, inda gwamnati ta yi wurin tunawa da dokar rabon filaye ta 1862 wadda shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu. In ba ka gane dokar nan ba ba za ka gane hotunan ba. Abin da ta ce shi ne duk magidanci ko wanda ya kai shekara 21, namiji ko mace, ɗan ƙasa ko baƙon da ya rubuta niyyar zama ɗan ƙasa, zai iya karɓar eka 160, wato kaman hekta 65, ya biya kuɗin takarda dala 18 gaba ɗaya, ya gina ɗaki, ya yi noma, ya zauna shekara biyar, ya kawo maƙwabta biyu su shaide shi, shi ke nan fili ya zama nasa. Filin Daniel Freeman ne wurin, wanda ake lissafawa cikin na farko da suka yi rajista ranar 1 ga Janairun 1863. A ƙarƙashin dokar an raba kusan eka miliyan 270, kashi goma cikin ɗari na ƙasar Amurka, a Nebraska kuwa kusan kashi 45 na jihar ta haka aka mallake ta. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa, cikin kusan mutum miliyan 4 da suka yi rajista, kimanin miliyan 1.6 ne suka kai ga karɓar takardar mallaka, sauran fari ko bashi ko sanyi ko kaɗaici ya kore su.

A wurin akwai wani ɗakin gungumen itace da George Palmer ya gina a 1867, an ɗauko shi daga inda yake aka dasa a nan. Ƙafa 14 ne da ƙafa 16. Shi da matarsa da 'ya'ya goma a ciki. Na tsaya a bakin ƙofa ina ta lissafin inda kowa zai sa haƙarƙarinsa lissafin ya ƙi fita, ko da an haɗa da ɗan saman da ake hawa. Kuma wannan ma mai sa'a ne don a gabashin jihar ana samun itace a bakin rafi. In ka nausa yamma bishiya ta ƙare.

Hanyar Broken Bow, hedikwatar Custer County, sai ka bi babban titi zuwa Grand Island sannan ka karkata arewa maso yamma ka hau titi mai lamba 2, layin dogo yana gefenka kusan duk tafiyar, jiragen gawayin kwal daga Wyoming suna wucewa, tarago ya fi ɗari, ka gaji da ƙirgawa. Masara tana raguwa, tuddai masu ciyawa suna ƙaruwa, ƙauyuka kuma kowanne da dogon rumbun hatsi a bakin layin dogo da gidan mai ɗaya da coci. Maganar abinci kar ma a yi, ƙwai da dankali da kifi muka yi ta ci. Mun tsaya sallah a gefen wata hanyar gona iska ta nemi ta tafi da dardumar sai da muka danne ta da takalma, kuma tunda muka tsaya har muka tashi mota ɗaya ce ta wuce, direban ya ɗaga mana yatsa ɗaya daga kan sitiyari, yaron ya ce gaisuwarsu ke nan a nan.

Broken Bow ƙaramin gari ne, mutum wajen 3,500, da dandali a tsakiya shaguna sun kewaye shi, gidan tarihin gundumar yana nan kusa kuma suna da hotunan Butcher da yawa. Gundumar kanta sunan Janar George Custer ta ci, wanda mayaƙan Lakota da Cheyenne suka kashe a 1876. A 1880 mutum 2,211 ne a cikinta, a 1890 sun zama 21,677. A tsakiyar wannan tururuwar Butcher ya zo.

Shi mutumin nan in ka bi tarihinsa sai ka rasa dariya za ka yi ko tausayi. An haife shi 1856, ya zo Custer County da mahaifinsa a 1880, ya karɓi filinsa, ya yi sati biyu ya ce ba zai iya ba ya mayar. Ya tafi Minneapolis karatun likita bai gama ba, ya dawo da mata. Ya yi koyarwa, ya buɗe shagon hoto, komai ya taɓa ba ya tsayawa. Sai a 1886 tunani ya zo masa cewa zai bi gundumar gida-gida ya ɗauki hoton kowane iyali ya rubuta labarinsu ya yi littafi. Mahaifinsa ya taimaka masa da keke da dawaki, ya loda kyamara da gilasai ya shiga daji, inda dare ya yi masa ya kwana, sau da yawa ladansa abinci ne da wurin kwana da harawar doki a madadin hoto. Maƙwabta suna ganin malalaci ne mai gudun noma. A ƙarshe ya bar gilasai kusan 3,500, fiye da dubu a ciki na gidajen ƙasa ne.

Su gidajen ba tubali ba ne kuma ba laka ake kwaɓawa ba. Ciyawar wannan fili saiwarta ta sarƙe da ƙasa tamau tun shekaru dubbai ba a taɓa sa mata garma ba, to sai su sa wata garma ta musamman ta yanko fatar ƙasar doguwa, kaurin kaman inci huɗu, faɗin kaman ƙafa ɗaya, su datsa ta guntu-guntu da shebur, su jera kaman bulo ciyawar tana kallon ƙasa. Ɗaki ɗaya yakan ci kusan eka guda ta ciyawa. Bango ya kai ƙafa biyu zuwa uku a kauri, ba ya cin wuta, da zafi akwai sanyi da sanyi akwai ɗumi, kuɗin da za ka kashe na taga ne da ƙofa da azarar rufi. Matsalar rufin ce. Shi ma ƙasar ce a kan rassa, in an yi ruwa mai yawa sai ya yi ta ɗiga ko bayan an ɗauke, ga ɓera ga maciji ga ƙwari suna faɗowa, shi ya sa matan suke shimfiɗa farin yadi a sama ya tare. Makamashi kuwa busasshen kashin shanu da totuwar masara.

To ga abin da ya kama ni. Kusan duk hotunan a waje aka ɗauka don cikin ɗaki ba haske, kuma mutanen nan ba tsayawa kawai suke yi ba, duk abin da suka mallaka sai sun fito da shi. Tebur da kujeru, keken ɗinki, kejin tsuntsu, agogon bango, dawaki a ɗaure da keke, alade, shanu an koro su kusa, wasu har hoton wani ɗan'uwa da ya rasu ko yake nesa za su riƙe a hannu don shi ma ya fito. Akwai na iyalin Sylvester Rawding na 1886, sun zauna gaban ɗakinsu da aka haƙa a jikin tudu, an shimfiɗa ƙyalle a tebur an fasa kankana an ajiye, alfadarai biyu a gefe, ga saniya a sama kaman a kan rufin take tsaye, alhali a kan tudun take. Kankanar nan ba don yunwa aka fasa ta ba, saƙo ne, ƙasarmu tana bayarwa.

Wanda ya fi ba ni dariya na iyalin David Hilton ne na 1887. Ba gida a hoton sam. Matar ta ƙi yarda 'yan'uwanta na gabas su ga a ɗakin ƙasa take zaune, amma tana so su san tana da ogan, wannan abin kiɗan na katako mai kama da fiyano da ake taka wa da ƙafa. Sai aka ciccibo shi aka kai tsakiyar fili nesa da ɗakin, iyali suka kewaye shi cikin kayan ado, dabbobi a bayansu. Na juya na dubi ɗan yayata na ce kai, hoton nan da ka turo wa uwarka kana jingine da wata baƙar mota mai sheƙi, ta wa ce? Ya sunkuyar da kai yana dariya ya ce Kawu don Allah ka rufa min asiri, a bakin titi na gan ta. Na ce to ga kakarka nan a sana'a tun 1887.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne mutum ya kalli waɗannan hotuna ya ce haka rayuwar take. Haka suke so a ce take. Amma kuma gilashi ba ya iya ɓoye komai da komai, za ka ga uban ya sa kwat amma yaran ba takalmi, ka ga fuskar matar ta tsufa fiye da shekarunta, ka ga rufin ya lotsa an tokare bango da sanda. Ba mai murmushi, wani ɓangare saboda dole ka daskare kar hoto ya lalace, wani ɓangare kuma don a wurinsu hoto babban al'amari ne da wataƙila sau ɗaya za a yi a rayuwa. Da aka zo sa gilasan a kwamfuta a ƙarshen shekarun 1990 sai aka gano in an ƙara haske a baƙin ƙofofin nan ana iya hango cikin ɗakin, gado da kayan da ba a yi niyyar kowa ya gani ba. In ka buɗe su a intanet za ka iya zuƙo su da kanka, na ɓata dare guda a kan haka.

Akwai na 'yan matan Chrisman su huɗu, 'yan gida ɗaya, tsaye gaban ɗan ƙaramin ɗakin ƙasa da dawakinsu biyu a 1886, manyan cikinsu sun karɓi filaye da sunansu, suna kwana wurin juna bi da bi don cika sharaɗin zama. Akwai kuma na iyalin Shores kusa da Westerville a 1887, baƙaƙen fata ne, Jerry Shores a cikin bauta aka haife shi, kuma 'yan'uwansa da suka zo yankin sunan kowa daban, ɗaya Speese ɗaya Webb, saboda kowa sunan ubangidan da ya mallake shi yake ɗauke da shi. Ga shi nan zaune gaban ɗakinsa a kan filinsa da iyalinsa har da jariri. Na daɗe a gaban wannan. Sai kuma gidan Isadore Haumont, mutumin Beljiyam, wanda ya ce shi ba zai zauna a ƙasƙance ba ya tayar da bene hawa biyu da wannan ƙasar ciyawar a 1884, da kusurwoyi zagayayyu kaman ƙaramar fada. Ya tsaya shekaru da dama kafin a rushe shi, yanzu sai a hoto.

Waɗanda ba za ka gani ba a hotunan Butcher su ne mutanen da Jackson ya ɗauka, wato Pawnee. Rassan kogin Loup ɗin nan su ne suka ratsa Custer County, tsakanin hotunan biyu bai kai shekara ashirin ba, amma a wurin Butcher filin kaman tun fil azal ba kowa sai da garma ta iso.

Kuma shi kansa Butcher ba waliyyi ba ne a kan gaskiyar hoto. In abu bai fito ba sai ya zana shi a kan gilashin. Mafarauci ya ɗaga bindiga ba tsuntsu a sama, sai ya karce masa agwagi. Wani mai kiwo, Ephraim Swain Finch, ya tsaya a gona yana nuna yadda ya yi yaƙi da fara a 1876, shekaru da yawa bayan abin ya wuce, Butcher ya cika masa hoton da ɗige-ɗigen fara da hannu. Wani hoton na mutane da fuska a rufe suna yanke wayar shingen wani babban mai shanu, wanda littattafai suka yi ta bugawa kaman a lokacin aka kama su, shiri ne, almakasan ma na katako ne. Wata rana kuma gilashi ya samu tabo daidai kan rufin wani manomi, maimakon ya koma tafiyar mil da yawa ya sake ɗauka sai ya mayar da tabon talotalo, ya lallaɓa mai gidan ya karɓa. Zanen nasa ma ba kyau, ko yaro zai gane. Ni wallahi hakan ya sa na ƙara son shi, don ba ya iya ƙarya mai kyau.

Daga Broken Bow muka nufi wajen Comstock don in ga irin ɗakin da idona, akwai na iyalin Dowse da aka gina a 1900, an zauna a ciki har 1959, daga baya zuri'ar gidan da mutanen yankin suka gyara shi. Hanyar tsakuwa ce, ƙura ta bi mu har ƙofa. Wannan na masu hali ne, rufinsa katako, an yi wa bangon ciki shafe, in ba don zurfin tagogin ba, da za ka iya zama a cikinsu, ba za ka ce ƙasa ba ce. Rana tana dukan waje amma ciki sanyi ƙalau, iskar da ta dame mu duk yini kuma ko motsinta ba ka ji. Ire-irensa kaɗan ne suka rage, don da zarar mutum ya samu kuɗi kuma jirgin ƙasa ya kawo katako, a Broken Bow ya iso 1886, sai ya gina na katako ya bar wa dabbobi na ƙasar, ruwa kuma ya narkar da shi ya koma inda ya fito. Mutanen ma sun ragu, gundumar da ta haura 26,000 a 1930 ƙidayar 2020 ta same ta da 10,545. Injin noma ya sa mutum ɗaya yana riƙe abin da iyalai da yawa suka riƙe a da, yaron ya yi min dogon bayani a kan wannan har da maganar ruwan ƙarƙashin ƙasa, nan ne na gane kuɗin makarantar ba a banza suke tafiya ba.

Littafin da Butcher ya ɗauki shekaru yana tarawa kuwa, fari da karyewar tattalin arziki na shekarun 1890 suka tsayar da shi, sannan a 1899 gobara ta cinye gidansa da duk labaran da ya rubuta. Gilasan sun tsira ne kawai don a rumbun hatsi ya ajiye su. Ya sake bi daga farko, wannan Finch mai farar ya sa masa kuɗi, littafin tarihin majagaban Custer County ya fito a 1901. Bai yi arziki da shi ba. Gilasan suka zame masa kaya, nauyi gare su ga shi kullum cikin ƙaura yake, ga bashi, sai ya yi ta roƙon ƙungiyar tarihin jihar ta saya, a ƙarshe wajajen 1912 ya sallama su duka a kan dala 600, ƙasa da abin da ya nema. Bayan nan ya shiga dillancin filaye a Texas, ya ƙirƙiro wata na'ura wai tana gano man fetur a ƙarƙashin ƙasa, ya haɗa wani maganin sha-kundum yana talla. Ya rasu a Greeley ta jihar Colorado a 1927. Na tambayi yaron ko Greeley ɗin da nisa, ya ce Kawu motar nan ta mutane ce kuma jibi ina da jarrabawa, sai muka juya Lincoln.